Inda Katako Ya Fi Taushi



Shekara 19 ke nan muna riƙe da alƙalami a zauren Maigida, ɗaya daga cikin dattawan zangonmu a nan gaɓar tafkin Bolta, ɓangaren Yeji. Mu ne masu rubuta takardar aure da ta rabon gado, mu ne masu ajiye littafin amana, kuma idan aka yi sulhu hannunmu ne ke zuba shi a takarda. Aikin kafinta ba namu ba ne, ballantana gyaran jirgin ruwa. Amma a hunturun da ya wuce mun yi kwanaki muna tsaye a kan wani jirgi da aka kifar a bakin ruwa, kuma abin da muka gani a can ya sa muka yaga wata takarda da muka rubuta da hannunmu. Labarin da muke so mu ba ku ke nan.

Domin 'yan'uwan da ba su san wannan ruwa ba, ga ɗan bayani. A zamanin kakanninmu fatake, kogi ne a nan, ana ƙetare shi a kan hanyar Salaga, kasuwar goro. Da aka gama madatsar Akosombo a 1965, ruwa ya taru ya zama tafki mai faɗin kusan murabba'in kilomita 8,500, aka tashi mutane kusan 80,000 daga garuruwansu. Tsohuwar Kete Karachi, inda Alhaji Umaru ya karantar har ya rasu a 1934, tana cikin wuraren da ruwa ya ci. Ba a sare dajin ba kafin ruwa ya zo. Itatuwan suna nan tsaye a ƙarƙashi har yau, wasu kawunansu a waje, wasu sun ɓuya da taƙi ɗaya ko biyu. Duk mai tuƙa jirgi tsakanin nan da Makango ko ƙauyukan masunta ya san kututture ya fi iska ban tsoro, kuma da wuya ka sami gida a gaɓar nan da bai taɓa zuwa gaisuwar wanda ruwa ya ci ba.

Jirgin da muke magana a kai na katako ne, mai inji a baya, yana ɗaukar 'yan kasuwa da kwandunan busasshen kifi da doya. Wa da ƙani ne suka haɗa kuɗi suka sa aka sassaƙa shi: wan ya zuba kashi biyu, ƙanin ya zuba kashi ɗaya, kuma haka yake a rubuce a littafinmu tun ranar da aka sa shi a ruwa. Allah Ya yi wa wan rasuwa, ya bar mata da yara huɗu, babbansu bai kai shekara 15 ba. Kason magada ya zauna amana a hannun Maigida, ƙanin ya ci gaba da tuƙi, duk ƙarshen wata ya kawo lissafi mu raba. Wata safiya cikin hazo, ruwa ya fara ja baya, jirgin ya hau kan kututture. Allah Ya kiyaye rayuka, suka yi ta kwarfe ruwa har suka kai gaɓa. Amma falanki guda a ƙasan layin ruwa ya fashe, biyu na kusa da shi suka ƙwarzane.

Nan rigima ta tashi a kan kuɗin gyara. Baffan yaran mutum ne mai murya, mai jama'a a tasha. Ya ce shi yana ba da ƙarfinsa da ransa a kan ruwa kullum, don haka ba zai ba da ko sisi ba, a ciro kuɗin duka daga kason magada. Aka zauna sau biyu. Duk lokacin da aka juya wajensa sai ya miƙe tsaye yana rantsuwa zai bar jirgin ya ruɓe. Duk lokacin da aka juya wajen matar marigayi sai ta sunkuyar da kai ta ce, "Malam, duk yadda kuka gani." Sai muka yi ta juyawa wajenta. Muka ce ta yi haƙuri, zumunci ya fi kuɗi, baffan yara uba ne. Ta amince. Muka rubuta takarda mai kyau, ba gargada ko ɗaya a cikinta, aka ce za a sa hannu ranar da jirgi zai koma ruwa. Muka tashi muna jin mun kashe wuta.

Mai gyaran dattijo ne Ba'ewe, daga cikin masuntan da iyayensu suka hauro daga ƙasan kogi bayan an yi madatsa. Yana jin Hausar zango sarai. Kowa Masta yake ce masa, mu ma haka. Da yake mu ne masu riƙe da jakar kuɗin, Maigida ya ce mu riƙa leƙawa kullum.

Abu na farko da Masta ya yi shi ne ya kifar da jirgin a kan gungume ya bar shi ya sha iskar hunturu. Ya ce gam ɗin ifoksi ba ya kama jiƙaƙƙen katako, ko ya kama yau zai saki gobe. Bayan ya gamsu da bushewa, ya yanke wurin da ya fashe, ya fere bakin yankan a karkace, ya sassaƙa sabon guntu ya zauna a ciki daram. Ifoksi ruwa biyu ne a gwangwani daban-daban, ɗaya gam ɗin, ɗaya mai sa shi daskarewa. Kowane kamfani da awonsa, wani 2 da 1, wani 5 da 1, kuma wanda ya ƙara na biyun don ya yi sauri ɓata kwaɓin kawai ya yi. Idan an haɗa su sai su ɗauki zafi da kansu, kuma a rana irin tamu ba sa jira, shi ya sa yake kwaɓa kaɗan-kaɗan a faffaɗan faranti, a inuwa. Ya fara shafa tsinkakke a jikin katakon domin ya sha, sannan ya zuba garin katako mai laushi a sauran har ya yi kauri kamar tunkuza, ya cike ƙwarzanen da ramukan kan ƙusa da shi. Mun lura bai sa ko ɗigo a tsakanin falanki da falanki ba. Da muka tambaya, ya ce katako yana kumbura a ruwa yana motsewa a rana, tsakaninsu sai abu mai ba da kai, wato auduga da kwalta kamar yadda aka saba. Idan aka cusa abu mai tauri a nan, falankin ne zai tsage.

Washegari kwaɓin ya sandare, ka ƙwanƙwasa shi ka ji kamar dutse. A lissafinmu aiki ya ƙare, saura fenti. Baffan yara yana ta aiko yaro yana cewa ranar kasuwa ta matso, mu kuma muna ganin kowace rana kuɗin marayu ne ke tafiya. Masta ya ce akwai sauran kwana huɗu ko biyar na guga da samfefa. Muka ce, "Haba Masta, ƙasan jirgi wa zai gani? Kifi za ka yi wa ado?"

Bai ba mu amsa ba. Ya ɗebo ruwa a bokiti ya wanke wurin da soso, ya tsane shi da tsumma. Ya ce mu shafa gefen da bai wanke ba tukuna. Muka ji wani maiƙo-maiƙo kamar na kyandir. Ya ce wannan yana fitowa ne a fuskar kwaɓin idan raɓa ta sauka a kansa yana cikin daskarewa, kuma a bakin tafki ba a rasa raɓa. Ruwa zalla yake wanke shi. Wanda ya sa samfefa bai wanke ba, takardar za ta toshe nan da nan, ya kuma yaɗa maiƙon ko'ina, fenti ya ƙi zama. Sannan ya yago samfefa mai lamba 80 ya miƙo mana, ya nuna wani ciko mai faɗin tafin hannu da ya ɗan yi tudu a gefe. Ya ce, "Malam, tunda sauri kake yi, taya ni da wannan."

Muka naɗe hannun riga. Aikin bai yi mana kama da baƙo ba, domin muna yara a makarantar allo mun goge sabon allo da ganyen nan mai kaushi, ɗan dangin ɓaure, wanda Tonawa ke kira nyankyerene, har sai alƙalami ya daina tuntuɓe. Muka ninke takardar a ƙarƙashin yatsu uku muka shiga gurza da ƙarfi. Gari yana ta zuba, muna ta jin daɗi. Bayan kamar rabin sa'a muka shafa muka ji sumul, muka kira shi da alfahari.

Masta ya ɗauko gawayi ya zazzana layuka a kan wurin da kewayensa. Ya ɗauko wani siririn katako miƙaƙƙe, tsawonsa ya kai kamu biyu, da samfefa manne a cikinsa da mariƙi biyu a bayansa. Ya ja shi sau huɗu ko biyar a kan aikinmu, ya ɗaga. Gawayin da ke kan cikon ya goge tas. Wanda ke kewaye da shi yana nan baƙi ƙirin, zobe guda, samfefar ba ta ko taɓa shi ba. Ya ɗora katakon a kai ya ce mu duƙa mu leƙa. Muka ga hasken rana yana wucewa ta ƙarƙashi a dama da hagu. Tudun yana nan inda yake. Abin da muka yi rabin sa'a muna ci, lafiyayyen falankin marayu ne, mun haƙa masa kwari kewaye da cikon.

Ya ce, "Ifoksi ya fi katakon nan tauri nesa ba kusa ba. Yatsa kuma nama ne, yana lanƙwasawa. Idan ya hau mai tauri sai ya zame ya faɗa kan mai taushi, kai kuwa kana ganin gari yana zuba kana cewa aiki na ci. Katakon nan ba ya lanƙwasawa. Duk abin da ya yi tudu shi yake fara samu."

Daga nan muka zauna a inuwa muka zuba ido, bakinmu a rufe. Kwarin da muka haƙa sai da aka sake cike shi da sabon kwaɓi aka jira ya daskare, kwana guda ya tafi a banza. Ladan wannan rana daga aljihunmu muka biya, domin ba mu ga fuskar da za mu rubuta shi a shafin magada ba.

A kwanakin da suka biyo muka ga yadda ake aikin. Ba ya bin tsawon jirgi kai tsaye, ba ya kuma tsayawa wuri ɗaya. Yana tura dogon katakon a karkace, daga hagu zuwa dama, sannan ya juya ya gicciye sawun farko, domin cikin jirgi gantsararre ne, wanda ya dage a layi ɗaya zai yi masa fage. Ba ya dannawa, ya ce ƙwayar samfefa ce ke yanka, nauyin hannu zafi kawai yake jawowa, zafi kuma yana sa ifoksi ya yi danƙo ya cushe takarda. Dalilin da ya sa ya ƙi na'urar guga mai juyawa da wani ya kawo masa aro ke nan: tana da sauri, amma a hannun da bai ƙware ba, kafin ƙiftawar ido ta yi rami. Da takarda ta dakushe sai ya jefar, ba ya tausayinta. Bayan kowane zagaye sai ya sake zana gawayi. Inda baƙi ya saura, kwari ne, sai a cike. Inda ya riga gogewa, tudu ne, sai a ci gaba. Wani lokaci ya rufe ido ya bi jikin jirgin da tafin hannu gaba ɗaya, wani lokaci ya jira rana ta yi ƙasa ya duba ta gefe, lokacin da ƙaramin tudu ke yin inuwa. Ya gaya mana da ya samu yadda yake so, da tun kwaɓin yana da taurin sabulu zai kankare abin da ya yi yawa da ƙarfe, domin abin da minti biyar ke ɗaukewa a ranar farko, sa'a guda yake ci a rana ta uku.

Duk tsawon aikin hancinsa da bakinsa a rufe suke, hannun rigarsa a sauke, yaransa ma haka. Ya ce ƙurar ifoksi, musamman wanda bai gama nuna ba, tana shiga ƙirji tana kuma sa ƙaiƙayi da ƙuraje, kuma wanda jikinsa ya fara ƙin ta, ya ƙi ta ke nan har abada, ko warinta ya ji sai fatarsa ta tashi. Taurin da ake ji washegari ba shi ne ƙarshen nunarsa ba, yana ɗaukar kwanaki. Muna roƙon iyayen da 'ya'yansu ke koyon wannan sana'a su riƙe wannan.

A rana ta uku amsar tambayarmu ta kifi ta fito. Yana cikin guga a bakin sabon guntun, sai fuskar kwaɓin ta buɗe, ga wani kogo kamar ƙwayar gyaɗa, da ƙananan huji kamar na allura a kewaye. Iska ce ta maƙale a ciki lokacin cikawa, fata siririya ta rufe ta. Da an shafa fenti a ranar da muka so, da ba wanda zai san da ita sai ranar da fatar ta fashe a tsakiyar tafki, ruwa ya sami hanya zuwa bakin haɗin, a wurin da ke ƙarƙashin ƙafafun mata da goyonsu. Ya buɗe kogon da bakin wuƙa, ya share, ya cike, ya sake jira.

Da ya gama da lamba 80 ya koma 120, ya goge sawun ta farko. Lambar samfefa idan ta ƙaru, ƙwayarta ƙanƙancewa take yi. Muka ɗauka zai ci gaba har wurin ya yi sheƙi kamar madubi, sai ya tsaya a nan. Ya ce fenti yana son abin kamawa, fuskar da ta cika santsi ba ta riƙe shi. Abin da yake nema shi ne wurin ya zama bai ɗaya, ya dushe ko'ina, kada a ga ɗigon ƙyalli ko ɗaya, domin duk inda ke ƙyalli samfefa ba ta taɓa shi ba, kuma daga nan fenti zai fara ɓarewa. Fentin kuwa dole ne, domin rana tana cin ifoksi idan an bar shi tsirara.

A daren da muka haƙa wancan kwari barci bai zo da wuri ba. Karin maganar da muka sha faɗa wa wasu ita ce ta dawo mana: inda fata ta fi taushi, nan ake mai da jima. Muka tashi muka kunna fitila, muka ɗauko takardar sulhun muka ajiye ta kusa da littafin amana. A littafin, kashi biyu da kashi ɗaya. A takardar, uku duka a kan marayu. Kuma ba jahilci ne ya kai mu ba. Tun muna samari muka karanta a babin tarayya na fiƙihun Malikiyya cewa riba da hasara suna bin gwargwadon jarin kowa. Ma'aunin yana cikin akwatinmu, ba mu ɗauko shi ba. Mun shiga tsakanin mutum mai tauri da mace mai kunya da yatsunmu kawai, duk inda muka ji ya ba da kai muka danna, muka ji zaure ya yi shiru muka ce an daidaita.

Bayan sallar asuba muka sami Maigida. Muka ce, "Ranka ya daɗe, akwai gyara a takardar jirgi, kuma kuskuren namu ne." Muka buɗe masa shafin. Ya daɗe yana dubawa, sannan ya ce, "Ni ma na ji nauyin abin a raina tun ranar. Kira su."

Zama na uku bai yi daɗi ba. Baffan yara ya miƙe kamar yadda ya saba, Maigida ya bar shi ya gama, sannan ya sa muka karanta shafin da ƙarfi, da kwanan wata da sunayen shaidu, biyu daga cikinsu suna zaune a wurin. Ya ce masa, "Ladan tuƙinka daban ne, kana ɗauka duk wata kafin a raba, ba wanda ya taɓa hana ka. Gyara kuwa na masu jirgi ne, kai kana da kashi ɗaya a ciki." Ya juya wajen matar ya ce, "'Yata, haƙurin da kika yi Allah Ya ba ki lada. Amma abin da kika yafe ba naki ba ne ke kaɗai, na yaran nan ne, mu kuwa ba mu da ikon karɓar kyauta daga dukiyar maraya." Ba ta ce komai ba, ta ja mayafi ta rufe fuska. Muka yaga tsohuwar takarda a gaban kowa muka rubuta sabuwa.

Ba za mu ce muku komai ya koma daidai ba. Baffan ya biya kasonsa a cikin wata uku, amma har yau gaisuwarsa gare mu a taƙaice take, kuma akwai waɗanda ke cewa a tasha magatakarda ya tayar da maganar da ta riga ta kwanta. Mun ji, mun ɗauka. Jirgin ya rasa ranar kasuwa biyu kafin ya koma ruwa. Yana nan yana aiki, kuma da aka jawo shi gaɓa kafin damina muka je muka shafa wurin, ba mu iya gane inda sabon katako ya haɗu da tsoho ba.

Mun rubuta wannan ne domin mun san ba zaurenmu kaɗai ba ne. A zangunanmu, daga Kumasi har Tamale, mu 'yan tsiraru ne a cikin jama'a, muna gudun a ji kanmu a waje, muna gudun kotu, don haka muna son sulhu ya yi sauri. Wannan saurin kusan kullum a kan mutum ɗaya yake sauka: bazawara, ko ƙaramin ƙane, ko baƙon da bai da dangi a gari, wanda aka san ba zai ɗaga murya ba. Muna roƙon 'yan'uwanmu masu riƙe da alƙalami a zaurukan dattawa, kafin ku ce wa wani ya yi haƙuri, ku buɗe littafi ku ga ko haƙƙinsa ne kuke roƙo ya bari, ku kuma tambayi kanku ko kun roƙi ɗaya ɓangaren kwatankwacin haka. Mu mun dawo da shafukan shekarun baya muna bi ɗaya bayan ɗaya, kuma mun riga mun ga guda biyu da za mu kai wa Maigida.

Allah Ya jiƙan magabatanmu, Ya tsare matafiya a kan wannan ruwa, Ya ba mu ikon riƙe amanar marayu. Wanda ya ga kuskure a abin da muka faɗa game da sana'ar, ƙofar gyara a buɗe take, domin mu 'yan kallo ne a cikinta.